Bayan an cire 'yan wuya, a ina mara lafiya zai kwana?

Idan likita ya ce wa magidanci daga Bukkuyum za a cire masa 'yan wuya, tambayar farko da dangi ke yi ita ce nawa ne kuɗin aikin. Ta biyu, yaushe za a sallame shi. A ganina akwai ta uku da ta fi su nauyi, kuma ba kasafai nake jin an yi ta ba: a ina zai kwana a makonni biyun da ke biye da aikin?

'Yan wuyan da nake nufi su ne tsoka biyun nan da ke dama da hagu a ƙofar maƙogwaro, waɗanda likitoci ke kira tonsil. Mun saba jin labarinsu a wajen yara, shi ya sa babba yakan ji kunyar kai kukansa asibiti. Sai ka ga mutum ya shekara da shekaru yana fama, yau zazzaɓi, gobe haɗiyar yawu ta gagara, ya sayi kafso a kemis ya sha, abin ya lafa, bayan wata biyu ya dawo. Likitoci suna da ma'aunin da suke bi kafin su ce a yi aiki: ciwon ya tashi sau 7 a shekara guda, ko sau 5 a kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 a kowace shekara har shekara uku. Sukan kuma duba wanda mugunya ta taɓa taruwa a gefen maƙogwaronsa har bakinsa ya ƙi buɗuwa, da mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci. Babban da gefe ɗaya kawai ya kumbura masa kuma ya ƙi sacewa, wannan kada ya tsaya ƙirga komai, ya je a duba shi. A 2023 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Birtaniya kan manya 453 masu irin wannan ciwo, aka ga waɗanda aka yi wa aikin sun samu raguwar kwanakin ciwon maƙogwaro a shekara biyun da suka biyo baya fiye da waɗanda aka bari kan magani. Aikin yana da amfani ga wanda ya cancanta, ba na musun wannan.

Kafin in shiga zancen asibiti, dole in tsaya wajen wanzami, domin shi ne mutumin da ya fi kusa da mu. Ina girmama wanzamai. Su suka yi mana aski da kaciya, su ke yin ƙaho, kuma ba a suna a garuruwanmu ba tare da su ba. Amma 'yan wuyan babba ba wurin aska ba ne. Jijiyoyin jini da yawa ke shayar da su, kuma a jikin wanda ciwo ya sha tasar masa, tsokar takan manne da naman da ke ƙarƙashinta. Likita ma sai ya sa mutum barci, ya tsare masa hanyar numfashi, sannan ya bi jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana ƙonawa ko ɗaurewa. Wanzami ba shi da kayan yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sau da yawa ma abin da ake yankewa a zaure beli ne, wanda ba shi ne tushen ciwon ba, sai mutum ya yi asarar jini, ya ɗauki kasadar ciwon hanta daga ƙarfen da ba a dafa ba, ciwonsa kuma yana nan inda yake.

Shirin aikin ba shi da wahalar fahimta, gaskiya kawai yake so. A gaya wa likita komai: hawan jini, ciwon suga, sikila, ko akwai wanda jininsa ba ya saurin tsayawa a dangi. A kuma faɗi magungunan da ake sha, har da na gargajiya. A nan zan ja kunnen 'yan'uwana masu aikin ƙarfi, manoma da 'yan acaɓa da masu haƙar zinare ta wajen Bagega. Garin Alabukun da ake kaɗawa a ruwa a sha don ciwon jiki yana ɗauke da asfirin, asfirin kuwa yana hana jini daskarewa na kwanaki. Wanda ya saba da shi ya faɗa tun ranar farko, likita zai gaya masa yaushe zai daina. Za a gwada jini, za a hana cin abinci na wasu sa'o'i kafin a shiga ɗakin tiyata, kuma wannan hani ba na wasa ba ne, don abin da ke cikin ciki na iya komawa huhu idan mutum yana cikin barcin allura. Mai shan taba ya ajiye ta tun kafin ranar. Idan da hali a zaɓi lokaci, kada a sa aikin gab da azumi ko tsakiyar girbi, kuma ni da zan ba da shawara da an kauce wa zafin Maris da Afrilu, lokacin da mai lafiya ma ruwan jikinsa ke ƙafewa.

Aikin kansa bai cika kai awa guda ba. Abin da ke biyo baya ne babba ya kamata ya sani tun da wuri, domin ya fi yaro shan wuya nesa ba kusa ba. Zafin ba ya sauka a jere. Kwana biyun farko mutum zai ce abin da sauƙi, sai wajen kwana na biyar zuwa na bakwai ya ji kamar an sake yanka shi. Kunne zai yi ciwo alhali lafiyarsa ƙalau, jijiya ɗaya ce ta haɗa shi da maƙogwaro. Baki zai yi wari. Idan aka haska tocila za a ga farin abu ya rufe wurin, dangi su firgita su ce mugunya ce. Ɓawon miki ne, haka yake zama fari a wuri mai danshi, kuma kada kowa ya sa yatsa ko tsumma ya ce zai goge shi.

Maganin kashe zafi a sha shi kan lokaci, musamman kamar rabin awa kafin cin abinci, kada a jira sai zafin ya kai maƙura. A sha ruwa ko da kurɓi-kurɓi ne. A ci abinci, domin maƙogwaron da aka bari ba ya aiki ya fi saurin ɗaukar ƙwayar cuta. Koko da ya huce, fura da nono, tuwo mai laushi da miyar kuka marar yaji, duk suna tafiya. Kunun tsamiya da lemun tsami suna yi wa mikin zafi. Zoɓo kuwa ina ganin a haƙura da shi gaba ɗaya, bayan tsaminsa, jansa kan sa a kasa bambance shi da jini idan mutum ya tofar ko ya yi amai.

Jinin nan shi ne dalilin wannan rubutu. Tsakanin kwana na biyar da na goma, lokacin da ɓawon ke ɓamɓarewa, mutum kaɗan a cikin kowane ɗari sukan zubar da jini, kuma manya sun fi yara faɗawa ciki. Wani ɗan tofi ne ya tsaya da kansa. Wani kuwa jijiya ce ta buɗe, sai an mayar da shi ɗakin tiyata, wani lokaci har da ƙarin jini. Ba ya sallama kafin ya zo, kuma ɗan kaɗan ɗin da ya tsaya na iya zama share fagen babba. Ƙa'idar likitoci ita ce duk wanda ya ga jan jini daga maƙogwaro bayan wannan aiki ya nufi asibiti nan take.

To, nan take ɗin ce matsalarmu. Irin wannan aiki sai manyan asibitocin Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wasu ma har cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna suke zuwa. Mutumin da aka sallama ya koma ƙauyensa a bayan Nasarawar Burkullu, jini ya ɓalle masa ƙarfe biyun dare, wace mota ce za ta fito da shi? Duk wanda ke bin hanyar Mayanchi zuwa Anka, ko Anka zuwa Daki Takwas har Gummi, ya san direbobi kan so a isa gida kafin rana ta faɗi saboda 'yan bindiga. Waya ma ba ko'ina take shiga ba, kuma ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jiharmu. Babban asibitin Anka da na Gummi suna ƙoƙari, ƙungiyar likitoci ta MSF ma ta daɗe tana aiki a yankin tun annobar gubar dalma ta 2010, amma ƙarfin wannan taimako ya fi karkata ga yara da mata. Tsayar da jinin maƙogwaron babba yana son likitan da ya san wurin, da mai sa barci, da jini a ajiye, duk a dare ɗaya.

Da aka yi wa ƙanina aikin, kwana kaɗan da sallama ya fara haɗa kayansa. Ya ce, "Yaya, na ji sauƙi, ga gona can ba kowa, ga nauyi na ɗora wa mutanen gidan nan." Na fahimce shi sarai. Bahaushe ba ya son ya zame wa mai masauki kaya, kuma kowane kwana a birni kuɗi ne. Na ce masa gonar za ta jira, ƙannenmu za su duba ta. Mai gidan da ya sauke mu, dattijo ne ɗan garinmu, shi ya kashe maganar da cewa ba inda za shi sai likita ya sake leƙa wuyan. Ya zauna yana gunaguni, bai zubar da jini ba, ya koma gida lafiya. Ban ɗauki zaman nan asara ba, kuma da za a sake, haka zan sake tsare shi.

Saboda haka kuɗin masauki da na abincin mako biyu su shiga lissafi tun ranar da ake karo-karon kuɗin aiki. A samo wanda zai zauna da mara lafiya dare da rana, a san wanda zai ba da jini idan an buƙata, a karɓi lambar wayar sashen da ya yi aikin. Ko bayan an koma gida, noma da ɗaukar buhu da doguwar tafiya a kan babur su dakata har sai likita ya ba da izini.

Likitoci da ma'aikatan jinya kuma ina roƙonsu su ƙara tambaya ɗaya kafin su sa hannu a takardar sallama: daga wane gari kake, kuma ina za ka kwana? Shawarar da ta wadatar da mazaunin Tudun Wada a Gusau ba ta wadatar da mutumin Gwashi ba. A faɗa masa da Hausa ƙarara, a gaban wanda ya rako shi, cewa kwanakin haɗari suna gaba. Ma'aikatar lafiya ta jiha da ƙungiyoyin 'yan asalin Anka da Gummi da Bukkuyum mazauna Gusau da Sakkwato za su iya kama 'yan ɗakuna kusa da asibiti domin masu jinya daga nesa, a riƙa biyan abin da ya sawwaƙa. Ba masu ciwon wuya kaɗai za su amfana ba, har da matar da aka yi wa aikin haihuwa da dattijon da aka yi wa aikin ƙaba.