Uraniyum ya dawo hannunmu, to wa ya tambaye mu?

A watan Yunin 2025 hukumomin Yamai suka maida kamfanin Somaïr mallakar ƙasa, shekara guda bayan karɓe lasisin Imuraren daga hannun Orano. An yi guɗa, kuma guɗar tana da dalili. Tun 1971 ake fitar da uraniyum daga Arlit, galibin shekarun nan kuwa ba mu ke da ta cewa kan farashinsa ba. Diori Hamani yana tsaka da neman ƙari aka kifar da shi a Afrilun 1974. Ba ni cikin masu kewar wancan zamani.

Sai dai makulli ya sauya hannu, ɗabi'a ba ta sauya ba. A Yulin 2025 aka sa hannu kan takardar fahimtar juna da Rosatom na Rasha game da makamashin nukiliya. A Satumba ministan ma'adinai ya faɗa a Mosko cewa Nijar na son gina injin nukiliya biyu, kowane mai ƙarfin megawat 2000. Makiyayin Ingal da tsohon leburan Akokan da malamin lakwal na Tasawa duk a rediyo suka ji, kamar yadda iyayensu suka ji labarin yarjejeniyoyin da aka ƙulla da Faransa.

Za a ce ai akwai tuntuɓa. Mun san irinta. A kama zauren otel a Yamai kwana biyu, a gayyato darektoci da sarakuna kaɗan da shugabannin ƙungiyoyin da ba su da gardama, a karanta rahoto da Faransanci, rahoton da aka gama rubutawa tun kafin a aika goron gayyata. A sha shayi, a karɓi kuɗin zama, a tafa. Washegari jarida ta ce al'umma ta amince. Wannan shaidar ɗaurin aure ce, ba neman yardar amarya ba.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce wai sha'anin nukiliya ilimi ne mai zurfi, talaka ba zai gane ba. To, mu je Akokan. Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ya rufe, ya bar tulin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20 a gefen gari. Cire uraniyum daga dutse ba ya cire dafin da ke cikinsa: mafi yawan tururin yana nan cikin dusar, kuma sinadarin radiyum da ke ciki sai ya shekara 1600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Ruwan da garuruwan nan ke sha na ƙarƙashin ƙasa ne, tsohon ruwa da ya taru tun zamanin da Sahara take kore, wanda damina ba ta maido shi. Ina abin da ya gagari fahimta a nan? Matar da ke ɗibar ruwa a famfo ta san ma'anar rijiyar da ba ta sake kawowa. Mutanen Arlit ɗin ne ma, ta hannun ƙungiyar Aghirin'man, suka nemi masu bincike na CRIIRAD su zo a 2003, kafin Greenpeace ta biyo baya a 2009 ta auna tururi a titunan Akokan da jikin tsofaffin ƙarafan da ake saidawa a kasuwa. Waɗanda ake cewa ba za su gane ba su suka fara tambaya.

Hujja ta biyu ta fi haɗari: wai ƙasa na cikin gwagwarmayar ƴanci, duk mai tambaya yana ba maƙiyi makami. Na tuna 2013 da 2014, lokacin sabunta yarjejeniya da Areva, yadda ƙungiyoyin farar hula suka fito titi suna neman a bayyana abin da ke cikin takardu, suna kafa hujja da tsarin mulkin 2010 da ya wajabta buga irin waɗannan kwangiloli a jaridar gwamnati. A lokacin kishin ƙasa muka kira abin. Tsarin mulkin ya tafi a 2023, amma tambayar ba ta zama cin amana ba don baƙon ya zo daga wata ƙasa dabam.

Kada a ɗauka ina ƙin tashar nukiliya ne tun daga tushe. Wanda ya kwana cikin duhu a Agustan 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar da muka dogara da ita, ba zai raina neman wutar kanmu ba, balle a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki. Amma buƙatar ƙasar baki ɗaya ba ta kai megawat 1000 ba. Wa zai sayi sauran, kuma ta waɗanne wayoyi? Irin wannan tasha tana shan ruwan sanyaya mai yawa ba dare ba rana, alhali kogin Kwara ya kusan tsayawa cak a Yamai a Yunin 1985. Bashin ginin fa, shekara nawa jikokinmu za su yi suna biya? A ina za a binne tokar? Mai yiwuwa akwai amsoshi masu gamsarwa. In akwai, a kawo su fili.

Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, kuma mu malamai da ƙungiyoyin al'adu mun fi kowa murna. Ga inda za a gwada ko matsayin nan na gaske ne. Harshen da ake waƙar yabo da shi amma ba a karanta kwangila da shi har yanzu yana bakin ƙofa. Mu nemi a fassara takardun, a karanta su a rediyoyin karkara, a ba da watanni na muhawara, sa'an nan a rubuta abin da jama'a suka ce, har da na waɗanda suka ƙi. Zaman farko kuma kada a yi shi a otel ɗin Yamai. A yi shi a Arlit, da Tamashek da Hausa, sakamakon awon ruwa da iska yana kan tabarma, daga nan a biyo hanyar uraniyum zuwa Agadas da Abalak da Tawa.