Ƙirƙirarriyar Basira: Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, maganar ƙirƙirarriyar basira ta cika duniya. Abin nufi shi ne manhajar kwamfuta wadda za ka yi wa tambaya ta ba ka amsa kamar mutum, ta rubuta wasiƙa, ta fassara magana, har ta duba hoto ta faɗi abin da ke ciki. A watan Afrilu na 2024 kamfanin Meta ya sanya tasa, watau Meta AI, cikin WhatsApp a Nijeriya. Ta haka abin da ake ji daga nesa ya shigo aljihun mai shagon magani a Tambuwal, da malamin makaranta a Dogon Daji, da ɗan kasuwar hatsi a Kebbe. Ga Gemini na Google, ga Copilot na Microsoft, ga wasu da dama, kowa yana yabon hajarsa. To, 'yan'uwa masu karatu, wanne za a ɗauka?

Amsar tana wajen aikin da kake son yi. Manomi ba ya tambayar ko garma ta fi lauje, domin kowanne da ranarsa. Mai son rubuta takardar neman aiki ko wasiƙar kasuwanci da Turanci, manhajojin nan masu hira za su taimake shi ƙwarai. Mai son fassara kuwa, Google Translate ya san Hausa tun 2013. Amma mai lissafin bashi da riba ya fi samun natsuwa da littafinsa da na'urar lissafi, kuma ga dalili.

Manhajojin hira sun koyi magana ne daga tarin rubuce-rubucen da ke intanet, aikinsu kuwa shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Saboda haka suna iya shirya ƙarya cikin kyakkyawan lafazi ba tare da sun san ƙarya ce ba. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 domin sun gabatar mata da shari'o'in da ChatGPT ya ƙaga, alhali kuwa ba a taɓa yin su ba. Idan lauyoyi masu ilimi sun faɗa wannan rami, ina ga mai sayen albasa wanda zai tambayi waya farashin buhu a Aliero ko Jega? Farashin yau yana bakin dillali, ba wanda ya rubuta shi inda manhajar za ta karanta. Duk da haka tana iya ba ka adadi, kai kuwa ka ɗora jarinka a kansa.

Abu na biyu shi ne harshe. Rubutun Hausa a intanet kaɗan ne idan aka kwatanta da na Turanci, don haka manhajar da ta gwanance a Turanci tana iya yin tuntuɓe a Hausa, balle Sakkwatancin da ake ciniki da shi a kasuwanninmu. Gwamnatin tarayya ta lura da wannan giɓi. Ma'aikatar sadarwa a ƙarƙashin Minista Bosun Tijani, tare da kamfanin Awarri, ta fito da N-ATLaS a 2025, wanda aka horar a kan Hausa, Yarbanci, Ibo da Turancin 'yan Nijeriya. Yunƙuri ne mai kyau, amma kowace manhaja, ta gida ko ta waje, gwaji ɗaya za a yi mata. Ka ba ta aikin da ka riga ka san amsarsa. Ka sa ta fassara wasiƙar da ka fahimta sarai, ka tambaye ta lokacin shukar gero a ƙasarku, ka ba ta lissafin da ka gama da hannunka. Idan ta kasa a abin da ka sani, kada ka amince mata a abin da ba ka sani ba.

Na uku shi ne layin waya da wutar lantarki. Yawancin manhajojin nan ba sa motsi sai da intanet, domin ainihin aikin ana yin sa ne a manyan kwamfutoci da ke wasu ƙasashe. Jama'ar wannan yanki ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, da ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Wanda ya ajiye dukan lissafinsa a wurin da sai da layi ake isa, a irin wannan rana hannunsa wayam. Akwai manhajojin da aka shirya domin karkara. PlantVillage Nuru, wadda Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka ta yi tare da cibiyar binciken noma ta IITA, tana duba ganyen rogo ko masara ta kyamarar waya ta gane cuta ko tsutsa, ko da babu intanet. Sai dai manomin Kebbe mai gero da dawa da shinkafa ya fara tabbatarwa amfanin gonarsa yana cikin abin da aka koya mata, sa'an nan ya nuna wa malamin gona kafin ya kashe kuɗi a kan maganin feshi.

Na huɗu, aljihu. Kuɗin ChatGPT Plus dala 20 ne a wata. A 2024, da dala ta haura naira 1,500, wannan ya kai naira 30,000, kusan rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a wannan shekara. Daɗin daɗawa, a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Saboda haka mai ƙaramar sana'a ya fara da na kyauta na wata guda, ya lissafa lokacin da ya rage masa da cinikin da ya ƙaru. In ribar ba ta biya kuɗin data ba, babu dalilin biyan kuɗin wata.

Amma fa na kyautar ma yana da nasa farashi, domin abin da ka rubuta a ciki ya bar hannunka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Ma'aikacin asibiti, da mai POS, da ma'ajin ƙungiya ko uwar adashi, kada ɗayansu ya zuba sunayen mutane, ko lambar BVN da NIN, ko sakamakon gwajin jini a cikin manhajar hira. Amana ce aka ba su.

Haɗarin da ya fi duka shi ne na masu fakewa da sunan ƙirƙirarriyar basira su yashe jama'a. A watan Afrilu na 2025 dandalin CBEX ya rushe da kuɗin ɗimbin 'yan Nijeriya, bayan ya yi alkawarin ninka wa mutum jarinsa cikin kwana 30 da sunan wai na'ura ce ke yin cinikin. Hukumar SEC mai kula da hannayen jari ta ce ba shi da rajista, EFCC kuma ta shiga bincike. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Manhajar kirki aiki take taya ka, ita ce ma ke neman ka biya ta. Duk wadda ta ce ka kawo kuɗi ta haifa maka wasu, ka kuma jawo 'yan'uwanka a ba ka lada, ka guje ta ko da wanda ya kawo maka ita na kusa da kai ne.

Saboda haka, jama'a, kafin ɗayanmu ya sauke wata manhaja a wayarsa, ya rubuta aiki guda ɗaya da yake so ta yi masa, ya gwada biyu ko uku a kan wannan aikin, ya riƙe wadda ta fi jin harshensa ta kuma dace da layin garinsu. Matasanmu da suka iya waya su zauna da iyayensu su nuna musu, iyayen kuma su auna amsar da sanin da suka tara a gona da kasuwa. Littafin bashi dai ya ci gaba da zama a shago.