Dashen Gashi a Turkiyya: Hannun Wa Ke Cire Saiwar?

Duk ɗan kasuwar da ya saba zuwa saro kaya a unguwar Laleli ta birnin Santambul ya sha ganinsu a filin jirgin sama: maza da askakken kai, an naɗe musu ƙeya da bandeji, gaban kai ya yi ja. Masu dashen gashi ke nan. Turkiyya ta zama matattarar wannan aiki saboda araha, kuma tallarsa tana iso wa masu sanƙo a Kano da Abuja ta wayoyinsu, da farashi guda da ya haɗa otal da mota da tafinta. Abin da tallar ba ta cika faɗa ba shi ne wanda zai riƙe kayan aiki a lokacin da ake cire saiwar gashin.

Dashe ba ya ƙara wa mutum gashi ko sili ɗaya. Ɗebowa ake yi daga ƙeya da gefen kai, inda sanƙon gado bai cika kaiwa ba, a mayar gaba. Likitan fata na birnin New York, Norman Orentreich, ya nuna a 1959 cewa gashin da aka ɗauko daga can yana riƙe halinsa a sabon wuri. A hanyar da ta fi yaɗuwa yau, wadda ake kira FUE, wadda kuma likitoci William Rassman da Robert Bernstein suka bayyana a 2002, ana huda fata da ɗan bututu mai kaifi, faɗinsa kamar milimita ɗaya ko ƙasa da haka, a kewaye tushe guda mai silin gashi ɗaya zuwa huɗu, sannan a zaro shi da hantsaki. A zama ɗaya akan maimaita wannan sau dubbai.

A nan gwaninta take. Mai huda ba ya ganin saiwar, sai dai ya kintaci kwanciyarta a ƙarƙashin fata daga yadda gashin ya fito. Idan ya karkace kaɗan, bututun ya datse saiwar, tushen ya lalace, kuma gurbin da aka ciro shi ba zai sake tsirowa ba. Shi ya sa masu sana'ar suke auna juna da yawan tushen da suka datse cikin ɗari. Ga baƙar fata lamarin ya fi tsanani, domin gashi mai murɗewa saiwarsa ma a lanƙwashe take, bututu kuwa miƙaƙƙe ne. Hannun da ya ƙware a kan miƙaƙƙen gashin Turawa da Larabawa yana iya yin ɓarna a kan Bahaushe. Ga kuma tabo mai tudu, wanda ya fi samun baƙar fata, abin da ya kamata likita ya bincika kafin a taɓa kai.

Ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma babu laifi a hakan. Ma'aikata ne ke ƙirga tushen, su rarrabe su a ƙarƙashin madubin ƙara girma, su ajiye su cikin ruwan gishiri mai sanyi, don bushewa tana kashe su da sauri. Galibi su ne kuma ke cusa su a sababbin ramuka, kuma ma'aikaciyar da ta shekara goma tana wannan takan fi sabon likita iya hannu. Gardamar a kan yankan fata take. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta tsaya a kan cewa hudar cire tushe tiyata ce, ta mai lasisin yin ta, har ta ƙaddamar da gangami a 2019 a kan wuraren da likita ke leƙowa ya zana layin goshi, ya bar sauran aikin ga waɗanda ba su da izini. Ma'aikatar lafiya ta Turkiyya ma ta fitar da ƙa'idojin wuraren dashen gashi a 2023. Sai dai majiyyacin da ke kwance rub da ciki, an kashe masa zafin kai, ba ya ganin wanda ke bayansa.

Alƙawarin tushe dubu biyar a rana ɗaya, wanda ya fi jan mai saye, shi ne ya fi cancantar tuhuma. Ƙeya rumbu ce mai iyaka. Idan aka kwashe ta fiye da kima sai ta koma tsilla-tsilla, ba a kuma bar komai na gyara ba in sanƙon ya ci gaba, kamar yadda yakan yi. Hotunan talla ma gaban kai suke nunawa.

Saboda haka mai niyyar tafiya zai fi amfana da neman sunan wanda zai yi hudar a rubuce, da adadin mutanen da likitan yake yi wa aiki a rana, da hoton ƙeyar wani mai irin gashinsa bayan an yi masa aski ƙasa-ƙasa. Sakamakon dashe ba ya bayyana sosai sai bayan kusan shekara guda, lokacin da mai shi ya daɗe da komawa gida, ya kuma gama biyan kuɗin.