Kafin ku tura bidiyon nan, ku duba tutar da aka liƙa wa magi

Da wuya ku shiga TikTok ko Facebook ku fita ba ku ci karo da bidiyon "kayan miya goma da ƙasashen da suka fito" ba. Murya mai daɗi, hotuna tsaf-tsaf, ga tuta a gefen kowace kwalba. Kafin ku ankara kun tura wa mutum ashirin. To, sau da yawa tutar nan ba ta wurin ba ce, kuma ba ƙananan shafuka kaɗai ke tafka wannan kuskure ba, har da jaridu masu suna.

Mu fara da wanda ke cikin kowace tukunya. Magi ya zama ɗan gida, har kowane dunƙulen miya sunansa ke nan a bakinmu, ko wane kamfani ya yi shi. Amma fa sunan mutum ne: Julius Maggi, ɗan ƙasar Suwizalan. A 1886 ya fitar da magin ruwa, na dunƙule ya biyo baya a 1908, sannan kamfanin ya koma hannun Nestlé a 1947. Ana yin sa a masana'anta a Najeriya, gaskiya ne, sai dai wannan bai mayar da shi ƙirƙirarmu ba.

Farin magi kuwa, rahotanni da yawa Sin suke jingina wa shi, alhali wani masanin kimiyya na Japan, Kikunae Ikeda, shi ya fitar da sinadarin daga ciyawar teku a 1908, aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto a 1909. A 1968 wani likita ya aika wasiƙa ga wata mujallar likitoci a Amurka, yana cewa jikinsa kan yi masa ba daɗi in ya ci abinci a gidajen abincin Sinawa. Jaridu suka cafe, aka raɗa wa abin suna "ciwon gidan abincin Sinawa". Binciken da aka yi daga baya bai tabbatar da zargin ba ga mai cin sa daidai misali, amma shekara da shekaru masu waɗannan gidajen abinci suna liƙa takarda a ƙofa cewa ba sa amfani da shi, don kada ciniki ya gudu. Kun ga kuskuren jarida ya taɓa abincin wasu ke nan.

Sai sriracha, jan barkonon ruwan nan mai hoton zakara da koren murfi. Wata jarida ta ce na Tailan ne, wata ta ce na Biyetnam. Sunan dai na garin Si Racha ne a Tailan, inda aka fara irin wannan haɗi. Kwalba mai zakara kuma David Tran ne ya kafa kamfaninta a Los Angeles a 1980, bayan ya yi gudun hijira daga Biyetnam.

Nan ne tushen ruɗanin. Inda aka ƙirƙiro abu daban, inda ya samo suna daban, inda kamfaninsa yake daban. Mai rubutu cikin gaggawa sai ya ɗauki ɗaya ya watsar da biyu, na bayansa ya kwafa, mu kuma mu yaɗa.

Wani zai ce, to mene ne namu a ciki? Ku duba yajin tsire. Ana ƙulla shi a kwalabe a Landan da biranen Amurka da sunan "yajin Afirka ta Yamma", ba a ko ambaci Bahaushe ba, alhali kalmar suya kanta Hausa ce, kuma mahautanmu ne suka kai sana'ar Legas da Akara da Yawunde. Ranar da suna ya ɓace, kasuwa ma tana iya bin sa.

Amma mu ma mu yi adalci. Barkono da gyaɗar ƙuli-ƙulin da ke cikin yajin daga nahiyar Amurka suka zo. Haɗin ne namu. Daddawa ma ba mu kaɗai ke da ita ba: Yarbawa na kiranta iru, a Mali da Burkina Faso sumbala.

Don haka kafin ku danna turawa, ku juya kwalbar ku karanta bayanta, ku nemi sunan wanda ya fara yin abin da shekarar. In kun ga wata jarida ta ba wata ƙasa abin da ba nata ba, ku gyara mata da suna da shekara, ban da zagi. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya saba kare asalin kayan wasu, shi za a saurara ranar da ya tashi kare yaji.