Gradle Bai San Duza Ba, Mu Za Mu Koya Masa

Duk matashin da ke rubuta manhajar Android a Gusau ko Sakkwato ya san sunan Gradle. Shi ne ke tattara rubutun umarni da hotuna da fassara, ya ɗinke su su zama abin da ake sakawa a waya. Tun 2013 Google ta ɗora Android Studio a kansa. Yawancin yaranmu maɓalli kawai suke dannawa su jira. Ni kuwa a ganina, duk mai yi wa mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi manhaja wajibi ne ya buɗe fayil ɗin build.gradle ya rubuta ayyukan kansa a ciki.

Ba wani abin tsoro ba ne. Layuka kaɗan ne da Kotlin ko Groovy: ka raɗa wa aikin suna, ka faɗi abin da zai bincika, ka ɗaure shi gaban harhaɗawa. In ya ga kuskure sai komai ya tsaya cak, manhaja ba ta fita.

Abin da ya sa na damu shi ne gubar dalma. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ne ke kashe yara a ƙauyukan Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da 'Yargalma. Yara sama da 400 suka rasu. Ƙauyen Bagega kuwa sai 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. Yaron da gubar ta kai ma'auni 45 a jininsa magani ake ɗora shi a kai, a riƙa bibiyarsa ana sake awo. Wannan aiki ne na rajista: wane yaro, ɗan wane gida, wane ƙauye.

To a nan ake yin asara. Ma'aikacin lafiya ya rubuta 'Yargalma, wani ya rubuta Yar Galma, kwamfuta ta ɗauke su ƙauyuka biyu, awon yaro ɗaya ya rabu gida biyu, ba a ga cewa gubarsa hawa take ba. Shi ya sa a 'yar manhajar rajistar da nake rubutawa na sa aikin da ke karanta jerin ƙauyuka kafin a harhaɗa. In suna ya zo da rubutu iri biyu, ko ƙauye ba shi da mazaɓa, ya ƙi wucewa. Wanda ya ƙera Gradle bai taɓa jin sunan Duza ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ya dai bar mana ƙofa a buɗe.

Na kuma sa wani aikin da ke auna nauyin manhajar, tunda ta Xender ake tura ta daga waya zuwa waya. Wani aikin yana tabbatar da cewa jerin ƙauyukan na cikinta, ba sai an nemo shi a intanet ba. Wanda ya ga Satumban 2021, lokacin da aka katse sabis a Zamfara baki ɗaya, ba sai an yi masa bayani ba.

Wasu abokan sana'a kan ce a rubuta ƙa'idojin a takarda ya wadatar. Ban yarda ba. Mai takardar zai tafi bautar ƙasa, wanda ya gaje shi ba zai karanta ba, amma aikin da aka dasa cikin Gradle zai tare shi ko ya so ko ya ƙi. Ina roƙon malaman kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda su sa kowane ɗalibi ya rubuta irin wannan aiki ko da guda ɗaya ne kafin ya kammala, kuma da sunayen ƙauyukanmu zai gwada shi.