Hukuncin Ajiye Aku A Gida Da Koya Masa Magana

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci tsuntsaye ya hore musu sararin sama, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, tambayar wannan mako ta zo mana ne daga Gidan Katta ta ƙasar Illela, can kusa da iyakarmu da Birnin Konni ta Nijar. Masu tambaya suna so su sani, shin ya halatta mutum ya ajiye aku a keji, ya koya masa sallama da kiran sunaye da 'yan wasanni? Kuma ko ya halatta a yi fataucinsa?

Amsa ita ce, asalin ajiye tsuntsu halal ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa ƙanensa Abu Umair yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba, hasali ma da tsuntsun ya mutu shi ya lallashi yaron. Ibn Hajar ya kafa hujja da wannan hadisi cikin Fathul Bari a kan halaccin tsare tsuntsu a keji, Imam Nawawi kuma ya halatta cinikin aku saboda jin daɗin muryarsa. To amma halaccin nan yana tafe da haƙƙoƙi uku, wanda duk ya tauye su ya ɗauki alhaki.

Na farko, a san inda aka samo shi. Aku mai launin toka da jar wutsiya, wanda ya fi kowane iya magana, ba tsuntsun ƙasar Sakkwato ba ne. Mazauninsa kurmi ne, kamar na Kuros Riba da Kamaru da Kwango. Akan kama shi da danƙo, ko a kwashe 'ya'yansa daga kogon itace, da yawa kuma sukan mutu a hanya kafin su kai kasuwa. Binciken da aka yi a Gana ya nuna an rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akun ƙasar daga 1992. Saboda irin wannan ɓarna, a taron Johannesburg na 2016 ƙasashen yarjejeniyar CITES, wadda Nijeriya da Nijar ke cikinta, suka hana fataucin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Nijeriya ma tana da dokarta ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa tun 1985. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun taɓa ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a hanyar tafiya, ta zo tana ta shawagi a kansu, Annabi ya ba da umarni a mayar mata da 'ya'yanta. Don haka muna kira ga fatake su tsame hannunsu daga wannan haja, ga kasuwar Illela nan cike da dabbobi da hatsi na halal. Ma'aikatan bakin iyaka kuwa, amana ce aka danƙa muku, kun kuma san tsinuwar da ta zo a kan mai ba da rashawa da mai karɓa.

Na biyu, a ba shi haƙƙinsa na ci da sha da sakewa. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Aku yakan yi shekara 40 ko fiye a hannun mutum, ashe wanda ya ajiye shi ya ɗauki nauyin da wataƙila sai magadansa sun gaje shi. Keji ya zama mai faɗi yadda zai buɗe fukafukai. A sake masa ruwa kullum, a haɗa masa hatsi da gwanda da gwaiba da ganye, a nisanta shi da gyaɗar da ta yi hunhuna da kuma fiya, gama takan kashe shi. A sa shi inuwa da bazara, a kare shi daga iskar hunturu. Tsuntsu ne mai zaman garke, in aka bar shi shi kaɗai sai ya riƙa fige gashin jikinsa don kaɗaici. Wanda ya riga ya daɗe a keji kuwa, sakinsa a wannan ƙasa tamu halaka shi ne, sai a ci gaba da kyautata masa.

Na uku, a lura da abin da ake koya masa, da yadda ake koyarwa. Ba a horar da aku da duka ko yunwa. Akan maimaita masa kalma ɗaya safe da maraice na ɗan lokaci, in ya faɗa a ba shi abin da yake so. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta yi shekara 30 tana koyar da wani aku mai suna Alex, daga 1977 har ya mutu a 2007, ya san kalmomi fiye da 100, yana kuma bambanta launuka. Sallama da maraba da baƙo ba laifi. Ayoyin Alƙur'ani dai mun fi son a girmama su, kada a mai da su abin ba baƙi dariya. Zagi da habaici ga maƙwabci ko kishiya kuwa, alhakinsu yana wuyan wanda ya koyar.

Mu kuma tuna, aku ba ya zaɓen abin da zai riƙe. Abin da ya fi ji a gida shi yake faɗa, ko da liman ne ya yi sallama a zaure. In tsuntsu yana kwashe maganarmu haka, ina ga 'ya'yanmu, ina kuma ga mala'ikun da ke rubutawa?

Allah shi ne Masani. Allah ya sa mu ji tausayin bayinsa, shi kuma ya ji ƙanmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.