Duniya Juyi Juyi: Wa Ya Dace Ya Yanke Masa Hukunci?

A shekarar 2011 wasu almajirai tara a birnin Kano suka shirya fim mai suna Duniya Juyi Juyi, da taimakon Cibiyar Goethe ta Jamus da wata mai bincike, Hannah Hoechner, wadda ke karatun digiri na uku a Jami'ar Oxford a lokacin. Su suka tsara labarin, su suka riƙe na'urar ɗaukar hoto. Labarin Aminu ne, yaron da mahaifinsa ya kawo birni neman karatun allo, ya sha wulakanci a gidan aikatau da kan titi.

Sukar da ta fi nauyi a kan fim ɗin ita ce yaran sun yi wa kansu kwalliya: sun ɗora laifi kan masu gida da jama'ar gari, sun sassauta wa iyaye da malamai. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ita kanta Hoechner ta yi rubutu a 2015 kan yadda yaran suka nace a faɗi alheri a kansu.

To amma fa a yi adalci. Yaron da aka daɗe ana kiransa ɓata-gari, ranar da ya sami bakin magana, mutuncinsa zai fara karewa. Kuma mai sukar, wanda watakila almajiri ne ke masa wanki a kan ragowar tuwo, yaya zai ji daɗin ganin kansa a majigi? Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya sami karɓuwa har a Balin a 2018, kuma a ganina ya yi mana sauƙin kallo ne domin azzalumansa 'yan fataucin bayi ne da suka daɗe a ƙasa. Na Aminu kuwa maƙwabtanmu ne.

Abin da ya fi damuna shi ne su wa ake tambaya. Daga ƙauyukan Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, da zarar an gama girbin gero, yara kan bi malamai zuwa Kano, kuma zuwa irin waɗannan ƙauyuka aka mayar da almajirai a 2020 lokacin annobar korona. Ra'ayin uban da ke shirin sallamar ɗansa ya fi na kowane masani amfani. Ina ba ƙungiyarmu shawara ta nemi majigi a hutun rani mai zuwa, ta nuna fim ɗin a dandalin kasuwar Roni, ta rubuta abin da iyayen suka ce.